Yadda ake aiki da manyan kwamfutocin bincike daga Yamai ta zauren intanet

A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke hana mutum barci ko a tsakar gida, wata ɗaliba mai shirya kundin digiri na biyu ta shigo ofis ɗina riƙe da kwamfutarta a buɗe kamar mai ɗauke da tire. Ta gaishe ni, ta ce: "Malam, kwana biyu ke nan tana lissafi. Jiya da dare aka ɗauke kuran, batir ya ƙare, komai ya koma farko." Na taɓa gindin na'urar na ji zafi rau, fankarta sai kuka take yi. Ƙwaƙwalwar aikinta gigabayit 4 ce, abin da aka ɗora mata kuwa harhaɗa kundin halittar ƙwayar cutar sanƙarau ne, wato jerin haruffan gadonta gaba ɗaya, samfuri sama da 20. Na ce mata: "Ɗiyata, rufe ta ta huta. Kayan raƙumi kika aza wa jaki." Da yammacin nan muka buɗe mata asusu a wani shafi, muka tura aikin Jamus, ta tafi gida. Washegari da hantsi sakamakon samfurin farko yana jiran ta.

Abin da muka yi ran nan shi zan shimfiɗa daki-daki, don na gaji da ganin ɗalibai masu hazaƙa suna sauya batun bincikensu saboda na'urarsu ta gaza.

Babbar kwamfutar bincike ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci ne da aka jera a ɗaki mai sanyi, aka ɗaure su da wayoyi masu saurin gaske don su raba aiki ɗaya a tsakaninsu. A nahiyarmu ma akwai su: Lengau a birnin Kef na Afirka ta Kudu tun 2016, Toubkal a Ben Guerir ta Maroko tun 2021, Taouey a Diamniadio ta Senegal, da wata a Bingerville ta Kodebuwa. A da, kafin ka taɓa irinsu sai ka iya rubuta umarnin Linux a baƙin allo, ka kuma iya tsara takardar neman gurbi ga manhajar da ke rabon layi. Nan masanin tsirrai ko likita kan ja da baya. Shi ya sa aka gina musu shafukan intanet a gaba, waɗanda ni nake kira zaure. Baƙo ba ya kutsa kai cikin gida. A zaure yake zama ya faɗi abin da ya kawo shi, a shiga ciki a yi masa, a fito masa da shi. Kai ma haka: burawza kawai za ka buɗe, ka cika gurabe, ka danna maɓalli.

Ga mu nan Nijar, abubuwa biyu suka sa zauren ya fi ƙarfin kayan ado. Da zarar aiki ya shiga layi, can yake gudana, ko an ɗauke wuta a unguwarku, ko rezo ya tafi. Sannan manyan bayanai ba dole ne su bi ta layinka ba. Wannan na biyun shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa.

Mataki na 1: zaɓi zauren da ya dace da tambayarka

Rubuta tambayarka a jimla ɗaya kafin ka buɗe kowane shafi. Idan ta shafi ƙwayoyin halitta, na hatsi ne, na wake, na sauro ko na ƙwayar cuta, nufi Galaxy. An fara shi a 2005 a jami'ar Penn State ta Amurka, yau kuma yana da manyan rassa na kowa da kowa: usegalaxy.org a Amurka, usegalaxy.eu da jami'ar Freiburg ta Jamus ke riƙe da shi, usegalaxy.fr a Faransa, da usegalaxy.org.au a Ostareliya. Mai binciken yanayi ya nufi rumbun Copernicus na Turai. Mai son duba ambaliyar kogin Kwara ko tabkunan jihar Tawa daga hotunan tauraron ɗan'adam ya nufi Digital Earth Africa ko Google Earth Engine. Ɗan kimiyyar fiziks da ke kwaikwayon na'urorin lantarki yana da nanoHUB na jami'ar Purdue, mai son ganin yadda sunadaran furotin biyu ke manne wa juna kuma yana da HADDOCK na jami'ar Utrecht.

Zan bi da kai ta usegalaxy.eu, domin kyauta ne, ba ya neman takardar wata jami'ar waje, kuma wanda ya gane shi ya gane tsarin sauran.

Mataki na 2: buɗe asusu

Shiga shafin, ka danna wurin rajista a sama. Imel, kalmar sirri da sunan da za a san ka da shi kawai ake nema. Za su aiko maka da saƙon tabbatarwa. Idan ba ka gan shi ba, leƙa akwatin saƙonnin banza, can yakan faɗa. Muddin ba ka tabbatar ba, ayyukanka ba za su tashi ba.

Yi amfani da imel ɗin da za ka riƙe shekaru. Asusu ɗaya ga mutum ɗaya, wannan ƙa'idarsu ce, kuma ina roƙon ka kiyaye ta: wanda ya buɗe uku don ya tara fili yana jawo a rufe su duka, yana kuma ɓata sunan masu shigowa daga ƙasarmu. Kowane asusu yana samun filin ajiya na gigabayit 250. Idan bincikenka ya wuce haka, akwai takardar neman ƙari na ɗan lokaci.

Fuskar shafin kashi uku ce. Hagu kayan aiki, dubbai, da gurbin nema a samansu. Tsakiya inda kake cika gurabe kake kuma duba sakamako. Dama kundin aikinka, wanda suka rubuta wa "History", inda kowane fayil ke samun lamba. Abu na farko, sa wa kundin suna mai ma'ana, misali "sanƙarau gwaji na farko". Kowane aiki da kundinsa.

Mataki na 3: kawo bayanai ba tare da ka ƙona forfe ɗinka ba

Nan mutane suka fi yin asara. Ɗalibi zai kwana uku yana sauke fayiloli daga rumbun duniya zuwa kwamfutarsa, ya cinye jika biyar ta forfe, sannan ya sake ɗora su zuwa Galaxy. Kaya sun taso daga Turai sun zo Yamai sun koma Turai, shi kuma ya biya kuɗin mota sau biyu.

Bayanan da masu bincike suka wallafa suna zaune a manyan rumbuna uku masu musaya da juna: SRA na Amurka, ENA na Turai da DDBJ na Japan. Kowane samfuri yana da lambar shaida da ke farawa da SRR, ERR ko DRR, kuma galibi za ka same ta a ƙarshen maƙalar da ka karanta ko a jadawalin da aka haɗa mata. A gurbin nema na hagu rubuta "fasterq", ka zaɓi kayan aikin da sunansa ya fara da "Faster Download and Extract Reads". Liƙa lambar, ka danna "Run Tool". Galaxy zai je rumbun da kansa ya ɗauko. Abin da ya fita daga forfe ɗinka bai wuce na buɗe shafi ba.

Idan fayil ɗin yana wani wurin mai adireshin intanet, kamar Zenodo, ko kamfanin da ya karanta maka samfuri ya aiko da mahaɗin saukewa kai tsaye, danna "Upload", ka zaɓi "Paste/Fetch data", ka liƙa adireshin, ka danna "Start". Shi ma tsakanin na'urorinsu za a gama. Saboda haka tun kafin ka aika samfurinka waje, tambayi masu karantawar ko za su ba ka irin wannan mahaɗi.

Sai in fayil ɗin a hannunka kaɗai yake za ka ɗora shi daga kwamfutarka. A nan kam burawza dole ta zauna a buɗe har a gama. Bar shi a matse yadda ya zo, mai ƙarewa da .gz, Galaxy yana karanta shi haka. Nemi wuri mai layi mai ƙarfi a jami'a ko cibiyar bincike, ko ka bari sai dare ya raba, ka cika batir, ka hana na'urar yin barci.

Tsaya nan ka saurare ni da kyau. Bayanan majiyyata ba a ɗora su a zauren kowa da kowa haka kawai. Ko ƙwayar cuta kake nema, samfurin da aka ɗebo kai tsaye daga jini ko ruwan laka yana iya ɗauke da guntayen halittar mutumin. Sai da amincewar kwamitin ɗa'a na binciken lafiya, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kada sunan fayil ya ɗauki sunan mutum ko ƙauyensu. Irin hatsinmu da na wakenmu ma dukiyar ƙasa ne, yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kansu take magana. Yi shawara da malaminka kafin ka fitar da abin da ba a wallafa ba.

Mataki na 4: karanta launuka

Kowane fayil a kundin dama yana da launi. Toka-toka na nufin yana layi. Ruwan lemo, ana kan yi. Kore, an gama. Ja, an samu matsala. Shuɗi mai haske kuwa an dakatar da shi, yawanci don abin da yake jira ya lalace.

Toka-toka shi ke gwada haƙuri. Dubban mutane ke raba injinan nan, wani lokaci minti biyu, wani lokaci awanni. Kada ka sake dannawa, sabon aiki kawai za ka ƙara a bayan na farko. Rufe kwamfutar ka je masallaci, ka ci abinci, ka dawo. Ko a wayarka kana iya leƙawa ka ga ko ya koma kore.

Mataki na 5: duba ingancin kaya kafin ka ɗora tukunya

Na'urar karanta ƙwayoyin halitta ba ta ba ka kundin gaba ɗaya. Guntaye take bayarwa, miliyoyi, kowanne da haruffa kamar 100 zuwa 300 na A, C, G da T. A irin karatun da aka fi yi, ana karanta kowane guntu ta kai da ta gindi, shi ya sa za ka ga fayiloli biyu a ɗaure wuri ɗaya cikin abin da aka rubuta wa "Pair-end data".

Nemo FastQC, kayan aikin auna ingancin guntaye, ka ba shi su. Idan ya yi kore, danna alamar ido a kan sakamakon da ke buɗewa kamar shafi. Zanen farko yana nuna makin ingancin kowane harafi. Maki 20 na nufin kuskure 1 cikin 100, maki 30 kuma 1 cikin 1000. Kana son yawancin layin ya zauna sama da 30. Ya ɗan sunkuya a ƙarshe, wannan al'ada ce. Sai ka duba zanen yawan G da C. Na ƙwayar sanƙarau yana kusa da kashi 51 zuwa 52 cikin 100, da tudu ɗaya. Ka ga tudu biyu kamar tozon raƙuma a jere, to ka yi zargin wata halitta ta shiga samfurin.

Ɗalibar nan tawa a nan ta tsinci abin da kwana biyun da ta yi tana ƙona na'ura ba su nuna mata ba: samfuri ɗaya a cikin nata gauraye yake. Da ta wuce wannan mataki, da ta kai shi gaban alƙalan kundinta.

Kada jajayen alamomin FastQC su firgita ka, wasunsu kan fito ko a kaya masu kyau. Wuce da fayilolin ta fastp, wanda ke yanke wutsiyoyi marasa inganci da ragowar sinadaran da aka liƙa wa guntayen a ɗakin gwaji. Bar saitinsa yadda ya zo a karon farko, ka karanta rahotonsa ka ga nawa ya rage.

Yi ɗan lissafi da biro. Kundin ƙwayar sanƙarau haruffa ne kusan miliyan 2.2. Idan kana son a karanta kowane gurbi sau 50, kana buƙatar haruffa miliyan 110. Rahoton fastp zai gaya maka ko ka kai. Kwatanta da hatsi, wanda aka wallafa kundinsa a 2017 ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken noma ta ICRISAT, mai tasha a Sadore kudu da Yamai: haruffa kusan biliyan 1.79, wato ninki 800 na ƙwayar sanƙarau. Karanta shi sau 20 kawai haruffa biliyan 36 ne. Irin wannan ba aikin kwamfutar cinya ba ne ko sabuwa ce dal.

Mataki na 6: ɗinke guntaye

Ɗauka an samu kwafi 50 na littafi ɗaya, an yayyaga kowanne a wurare daban, an zuba a buhu. Aikinka ka gano inda ƙarshen wannan guntu ya yi daidai da farkon wancan har littafin ya dawo. Wannan shi ke cin ƙwaƙwalwa, shi ya durƙusar da na'urar ɗalibata.

Nemo Shovill, wanda ke amfani da manhajar SPAdes a cikinsa kuma an gina shi musamman don ƙwayoyin bakteriya. Gaya masa cewa guntayenka tagwaye ne, ka nuna masa waɗanda fastp ya tace. Kula da lambobin, don kuskuren da aka fi yi shi ne ba shi ɗanyun. Danna, ka tafi harkarka.

Abin da zai fito dogayen yanki ne da yawa, saboda kundin wannan ƙwayar cike yake da wuraren da ke maimaita kansu, inda manhajar ba ta iya sanin hanya. Auna su da Quast. Lamba ta farko da za ka duba jimillar tsayi ce: kusa da miliyan 2.2 alama ce mai kyau, miliyan 4 na nufin halitta biyu ka ɗinke wuri guda, ƙasa da miliyan 2 sosai kuma wani sashe ya ɓace. Ta biyu yawan yankunan: ɗari da ƴan kai ba abin damuwa ba ne, dubbai kuwa matsala ce. Ta uku N50. Jera yankunan daga babba zuwa ƙarami kana tarawa, tsayin yankin da ka tsaya a kansa lokacin da ka kai rabin jimilla shi ne N50. Girmansa alheri ne, amma ba ya wanke samfurin da ya gauraya.

Daga nan ba wa kayan aikin MLST fayil ɗin. Yana duba ƙwayoyin gado 7, ya ba ka lambar dangin da ƙwayar ta fito. Mu a nan mun san nauyin wannan lamba. Ƙwayar sanƙarau tana da rukunai da ake kira da haruffa, kuma bayan da aka fara rigakafin MenAfriVac a 2010 a Nijar, Mali da Burkina Faso, rukunin A ya ja baya. Annobar da ta afka wa Yamai a 2015 ta rukunin C ce, ta dangin ST-10217, wanda ya fara bayyana a arewa maso yammacin Najeriya a 2013. Irin wannan bin sawu shi ne aikin da cibiyoyin binciken lafiya kamar CERMES ta Yamai ke buƙatar hannaye a kansa. Lura dai, lambar dangi daban, rukuni daban. Don sanin rukuni, sauke ɗinkakken fayil ɗin, wanda bai wuce megabayit 3 ba, ka ɗora shi a shafin PubMLST na jami'ar Oxford.

Mataki na 7: mayar da abin da ka yi sau ɗaya ya zama sarƙa

Sai ka gamsu da samfuri ɗaya tukuna za ka taɓa sauran. A zaɓuɓɓukan kundin dama akwai "Extract Workflow". Zai tattara matakanka ya mayar da su sarƙa ɗaya. Cire alamar waɗanda ka yi bisa kuskure, ka sa mata suna. Buɗe sabon kundi, ka ba kayan saukewar jerin lambobin duka, za su zo a ɗaure cikin tari ɗaya. Ɗora sarƙar a kan tarin. Galaxy zai raba aikin, samfuri 20 su tafi kafaɗa da kafaɗa a injina daban-daban. A nan za ka ji daɗin babbar kwamfuta na gaskiya.

Idan ya yi ja

Danna fayil ɗin ya buɗe, ka nemi alamar ƙwaro, ka karanta saƙon har ƙarshe ko da Ingilishinka bai nuna ba, layukan ƙarshe su suka fi faɗin gaskiya. Sau da yawa nau'in fayil ne aka ɗauka ba daidai ba, sai ka gyara ta alamar fensir. Wani lokaci fayil ɗin bai gama ɗoruwa ba rezo ya yanke, girmansa zai nuna maka. Wani lokaci kuma ƙwaƙwalwar da aka ware wa aikin ce ta gaza. Alamar kibiya mai zagaye tana sake buɗe maka guraben da saitinka na baya don ka gyara abu ɗaya ka sake. Ya ƙi, aika rahoto daga shafin ƙwaron nan, mutane ne na gaske ke karantawa.

Darussan da ke training.galaxyproject.org kyauta ne, kowanne da bayanan gwajinsa. Malamin da zai koyar da aji a Jami'ar Abdou Moumouni ko jami'ar Tawa yana iya neman abin da suke kira TIaaS tun da wuri, su ware wa ɗalibansa layi na musamman a ranakun darasi.

Ga masu binciken yanayi

Yamai gida ce ga cibiyoyin binciken yanayi na AGRHYMET da ACMAD, don haka ɗalibai da yawa nan suka karkata. Tsarin ɗaya ne. Buɗe asusu a cds.climate.copernicus.eu, ka nemi ERA5, kundin yanayin duniya na ECMWF, cibiyar hasashen yanayi ta Turai, awa bayan awa tun daga 1940, a kan raga mai tazarar digiri 0.25. Amince da lasisin, ka zaɓi abin da kake so, shekaru, watanni da awanni. Gurbin da ba na so ka tsallake shi ne na yanki. Kada ka bar shi a duniya duka. Nijar gaba ɗaya tana shiga akwatin arewa 24, kudu 11, yamma 0, gabas 16. Yamai tana wajen 13.5 arewa da 2.1 gabas, Tawa wajen 14.9 da 5.3. Injinansu za su yanka maka, fayil ɗin ya sauko daidai ƙarfin layinka. Zaɓi nau'in fayil na NetCDF, ka fara da wata ɗaya.

Abubuwa uku kan kayar da sabon shiga. Zafi yana zuwa a ma'aunin Kelbin, sai ka ɗebe 273.15. Ruwan sama a mita yake, sai ka ninka da 1000 ya koma milimita. Lokaci kuma na agogon duniya ne, wato UTC, agogonmu yana gaba da awa 1. Sannan ka tuna ERA5 lissafi ne da aka gauraya da awo, ba ma'aunin ruwan da ke kafe a gona ba. Ruwan daminarmu kan sauka a Harobanda ya bar Talladje a bushe, raga mai faɗin kusan kilomita 30 ba ta ganin haka. Gwada shi da awon tashoshin ƙasa kafin ka yanke hukunci.

Idan an ba ka gurbi a wata babbar cibiya

Wanda zai gudanar da manhajar hasashen yanayi kamar WRF, ko lissafin da ya rubuta da kansa, zauren kowa da kowa ba zai ishe shi ba. Sai ya samu asusu a wata cibiya, galibi ta hannun malamin da ake haɗin gwiwa da shi. Cibiyoyi da yawa suna sa Open OnDemand a gaban injinansu, manhajar da cibiyar Ohio ta Amurka ta ƙirƙira. Ita ba ta ba da izini, ƙofa ce ga mai izini.

Da ka shiga za ka ga sashen fayiloli, sashen ayyuka da sashen manhajoji irin su Jupyter da RStudio. Danna ɗaya, takarda za ta fito tana tambayar awa nawa, ƙwayoyin lissafi (sassan injin da ke yin lissafin) nawa, ƙwaƙwalwa nawa. Nan ake gane mai hankali. Kasonka da awa ake auna shi: ƙwaya 16 na awa 10 ya ci 160, ko ka yi aiki da su ko suna zaune. Wanda ya nemi da yawa yakan daɗe a layi, don sai an samu gurbin da zai ɗauke shi. Wanda ya nemi lokaci kaɗan kuma manhajar rabon layi, yawanci Slurm, za ta yanke aikinsa da lokacin ya cika, ko saura minti ɗaya ya gama. Gwada da ƙaramin yanki, ka ga abin da ya ci, ka lissafa na babban, ka ƙara masa kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Kada ka nemi ƙwaya 64 wa manhajar da ɗaya kawai ta iya amfani da ita. Da ka gama, danna maɓallin share zaman, rufe burawza ba ya tsayar da agogo.

Kwashe kayanka

Mu koma Galaxy. Sauke ƙananan abubuwa kaɗai: ɗinkakkun fayiloli, jadawalin Quast, sakamakon MLST, rahotannin inganci da sarƙar aikinka. Ajiye su wuri biyu, don zauren ba rumbun dindindin ba ne. Alamar bayani da ke kan kowane fayil tana nuna sigar manhajar da saitin da aka yi amfani da shi, kwafe su cikin babin hanyoyin bincike tun yanzu. Daga zaɓuɓɓukan kundin kuma kana iya fitar da jerin maƙalolin da ya kamata ka ambata, ka haɗa da godiya ga masu riƙe da zauren, domin da irin wannan ambato suke nuna wa masu ba su kuɗi cewa ana amfana.

Malaminka ba ya buƙatar ka kai masa komai a ƴar kile. A sashen rabawa na kundin ka kunna mahaɗi ka aika masa, ko yana Tawa ko yana Maradi zai ga kowane mataki da idonsa.

Fayilolin tsakiya masu nauyi kuma ka share su. Sharewar farko ɓoyewa ce kawai, filin yana nan a cike. Sai ka koma zaɓuɓɓukan kundin ka danna "Purge All Deleted Content" kafin ma'aunin filinka ya sauka. Wannan ba a dawo da shi, don haka buɗe abin da ka sauke a kwamfutarka ka tabbatar yana karantuwa tukuna.